Tambaya da Amsa: Ƙazanta nawa kogi zai iya haɗiyewa?

Wasiƙun wannan fitowa sun zo daga Garwa, Kusuri, Marwa, bakin tafkin Lagdo da Njamena, kuma duk a kan batu ɗaya suke: yadda ake sa kwamfuta ta kwaikwayi kogi ko tafki don a yanke iyakar ƙazantar da za a bari a zuba masa. Masana ruwa da muhalli da ke kula da wannan shafi ne suka amsa.

Tambaya daga wani ma'aikacin tsabtar gari a Garwa: Ana so a ƙayyade wa mahauta da masu rini ruwan dattin da za su riƙa saki zuwa Binuwai. An ce kwamfuta na iya faɗin adadin. Ta yaya, kuma daga ina ake farawa?

Amsa: Malam, ana farawa ne daga bakin kogi da igiyar awo, kwamfuta sai daga baya. Abin da manhajar ke yi shi ne ta yanka kogin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa kamar mita 500 ko kilomita ɗaya, ta lissafa abin da ya shiga kowace, abin da ya fita, da abin da ya ruɓe ko ya kwanta a ƙasa. Lambobin da ka ba ta su za ta sarrafa. In ka ba ta na ƙarya, za ta zana maka taswira mai kyau ta ƙarya.

Abu na farko da za ka gyara a tunani: kogi ba ya jin miligiram a lita, kilo a rana yake ji. Takardar labo za ta rubuta DBO5, wato yawan iskar oksijin da ƙwayoyin halitta za su cinye cikin kwana 5 a zafin digiri 20 suna ruɓar da dattin da ke cikin lita ɗaya. Mu kira shi yunwar iska. Ɗauki misali: mahauta na sakin mita kubik 200 a rana (mita kubik ɗaya lita 1000 ce, durom biyar ke nan), yunwar iskarsa miligiram 2000 a lita. Ka ninka, ka samu kilo 400 a rana. In mai mahautar ya buɗe famfo ya surka ruwan dattin da ruwa mai kyau ninki biyu, takardar labo za ta nuna 1000, amma kilo 400 ɗin nan suna nan ba su rage ko giram ba. Shi ya sa iyakar da aka rubuta da miligiram kaɗai take da ƙofar baya. A rubuta biyun a takardar izini: ƙarfin datti a lita, da nauyinsa a rana.

Na biyu, wane kogi ake nufi, na Satumba ko na Afrilu? Kilo 400 a cikin ruwan da ke gudu mita kubik 500 a daƙiƙa ba zai ƙara ko kashi ɗaya cikin ɗari na miligiram ba. A reshen da ya rage mita kubik 1 a daƙiƙa, wato 86,400 a rana, zai ƙara miligiram 4.6 a kowace lita. Don haka a kan kogi lokacin da ya fi rauni ake yanke iyaka. A Faransa suna amfani da ruwan watan da ya fi ƙaranci wanda ake sa ran gani sau ɗaya a shekara 5, suna kiransa QMNA5. A Amurka kuwa mako mafi ƙarancin ruwa cikin shekara 10 suke ɗauka. A Garwa akwai ƙarin abin lura: tun da aka kammala madatsar Lagdo a 1982, kimanin kilomita 50 sama da gari, ruwan rani na Binuwai ya dogara da abin da injinan wuta ke saki. Tsofaffin alƙaluman da masu binciken ORSTOM, tsohuwar cibiyar bincike ta Faransa, suka tara kafin madatsar suna da daraja, amma ba da su za ka yanke iyakar yau ba. Nemi lissafin sakin ruwa na shekarun baya-bayan nan, ka duba ranakun da aka rage injina.

Lissafin iyakar kansa ba shi da wuya. A ce an yarda kada yunwar iska ta wuce miligiram 5 a lita a wannan reshe, kogin kuma ya iso da 2 daga sama. Sauran 3 ne rabon gari. Ka ninka 3 da 86,400, ka samu kusan kilo 259 a rana. Ka cire kashi 20 cikin ɗari ka ajiye saboda kuskuren awo da ƙaruwar jama'a, saura kusan 207. Wannan za a raba wa mahauta, marina, kwatocin unguwa da kasuwa. Rabon nan ba aikin kwamfuta ba ne, zama ne na hukuma da masu sana'a, kuma nan ake samun gardama. In mahauta ta samu kilo 80, to sai ta rage kashi 80 cikin ɗari na abin da take zubarwa. Mafi arha a fara da jini: a tare shi a kwano ko rami mai siminti kafin a zuba ruwan wanki. Jinin saniya ɗaya ya kan kai lita 10 zuwa 15, kuma yunwar iskarsa ta haura giram 100 a kowace lita, alhali dattin mutum ɗaya na yini guda giram 60 ake lissafa shi. Bayan jini sai tumbi: a kwashe abin cikinsa busasshe a kai gona. Sannan raga mai tace ƙazanta, tarkon kitse, da kududdufan kwantar da ruwa a jere.

In babu ma'aunin gudun ruwa na zamani, a ƙaramin reshe ana iya yi da hannu. Zaɓi wuri miƙaƙƙe mai tsawon mita 20, auna faɗi, auna zurfi a wuri biyar ko fiye ka fitar da matsakaici. Jefa lemo ko kwalbar roba mai rabin ruwa, ka ƙirga daƙiƙoƙin da za ta yi, sau uku aƙalla. Ruwan sama-sama ya fi na ƙasa sauri, don haka ka ninka saurin da 0.8, sannan da faɗi da zurfi. Kada a yi ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi, za ta tura kwalbar ta ba ka lambar banza.

Tambaya daga wani masunci a Kusuri: A bazara mukan wayi gari mu ga kifi na hamma a saman ruwa, wasu sun mutu, amma can nesa da inda ake zuba datti. Masu zubarwa sukan ce ga ruwan bakin bututunsu da kifi a ciki, ba su ba ne. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Baba, abin da idonka ya gani shi ne ainihin abin da lissafin ke nunawa, kuma an san shi tun 1925, lokacin da wasu masana biyu, Streeter da Phelps, suka yi nazarin kogin Ohayo a Amurka. Datti ba ya cinye iska nan take. Yana tafiya da ruwa yana ruɓewa a hankali, kogi kuma yana shaƙo sabuwar iska daga sama. Da farko ci ya fi shaƙa, iska na ta raguwa har ta kai ƙarshen faɗuwarta, daga nan ta fara farfaɗowa. Wannan wuri mafi muni yakan zo bayan tafiyar kwana ɗaya zuwa uku. In ruwa na tafiya santimita 15 a daƙiƙa, kilomita 13 ke nan a rana, to bayan kwana biyu yana wajen kilomita 25 daga bakin bututu. Kifin da ke wasa a gindin bututun ba ya wanke kowa.

Zafi kuma na cutar da mu ta fuska biyu. Ruwa mai digiri 20 na riƙe oksijin miligiram 9.1 a lita, mai digiri 30 kuwa 7.6 kawai. Sannan ruɓewa na ƙara sauri da kusan kashi 58 cikin ɗari tsakanin 20 da 30, alhali shaƙar iska kashi 27 take ƙarawa. Ga misali da lambobi: in jimillar yunwar iska bayan gauraya ta kai 15, ruɓewa na tafiya 0.36 a rana, shaƙa na 0.7, lissafin zai nuna oksijin ya sauka daga 7.6 zuwa kusan 3.8 bayan kwana biyu. Wannan matsakaicin yini ne. Da dare gansakuka da ciyawar ruwa sun daina ba da iska, su ma shaƙa suke yi, sai abin ya ƙara sauka, ya kai maƙura gab da asuba. Shi ya sa kake ganin hammar kifi da sassafe. Mai awon da zai zo ƙarfe biyu na rana zai tarar da ruwa cike da iska ya rubuta lafiya lau, kuma wannan kuskure ya ɓata rahotanni da yawa. A auna bayan sallar asuba, a sake da la'asar, a wuri ɗaya.

Irin kifin da ya mutu ma shaida ne. Giwan ruwa ba ta jure ƙarancin iska, tana cikin masu fara tafiya. Tarwaɗa da gaiwa suna shaƙar iska daga sama, su kan tsira. In har tarwaɗa ma ta mutu, a nemi guba: maganin ƙwari na gona, ko ammoniya. Ammoniya ta cancanci a tsaya a kanta. A ruwa mai digiri 30, in pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, na 7, ƙasa da kashi 1 cikin ɗari nata ne ke cikin siffar da ke kashe kifi. A 8 ya zama kusan kashi 7, a 9 kusan kashi 45. Ruwan marina da na wanki mai kanwa ko soda yana ɗaga pH, haka ma gansakuka mai yawa da rana tsaka.

Abin da ƙungiyarku za ta iya yi: ku rubuta rana, sa'a, wuri da irin kifin. Ku ɗebi ruwa a kwalba mai tsabta, a cika ta fal ba kumfar iska, a sa cikin ƙanƙara, a kai labo cikin sa'a 24, in na ƙwayoyin cuta ne cikin sa'a 6 ya fi. Oksijin kuwa a bakin ruwa ake auna shi, ba ya jira.

Tambaya daga wata ɗalibar injiniya a Marwa: Na sauke QUAL2K, manhajar kwaikwayon ingancin ruwan kogi, don aikin kammala karatu a kan Mayo Kaliyaw, amma ta ƙi tafiya, in ta tafi kuma lambobin ba sa kama hankali.

Amsa: Malama, fara da duba saitin kwamfutarki. QUAL2K a cikin Excel take aiki, kuma ɗigo take tsammani a tsakanin lambobi, 0.23. Kwamfutar da aka saita da Faransanci waƙafi take sawa, 0,23, wannan kaɗai kan tsayar da ita. Na biyu, kada ki zuba DBO5 a gurbin jimillar yunwar iska. A saurin ruɓewa na 0.23, abin da aka auna cikin kwana 5 kashi 68 ne kawai na jimilla, sai kin ninka da kusan 1.46.

Amma babbar matsalar ita ce kogin da kika zaɓa. An gina manhajar ne don ruwan da ke gudu kullum ba yankewa, da yawan da ba ya canzawa. Mayo Kaliyaw da Mayo Tsanaga yashi ne tsawon rani, da damina kuma ruwa kan taso cikin sa'o'i ya sauka. Inda gudun ruwa sifiri ne, babu abin da zai surka datti, lissafin iyaka ma sifiri zai ba ki. Dattin da aka zuba a irin wannan kogi a rani hanya biyu yake bi: ya nutse cikin yashi ya isa ruwan da mata da masu lambu ke tono rami suna ɗiba, ko ya taru ya jira ruwan farko ya kwashe shi gaba ɗaya. In na farkon ne ya dame ki, MODFLOW ce manhajar ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma abin aunawa shi ne sinadarin nitrat da E. coli, ƙwayar cuta mai nuna bayan gida ya shiga ruwa, a ramuka da rijiyoyin gefe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar nitrat miligiram 50 a lita, E. coli kuwa kada a same ta ko ɗaya cikin mililita 100 na ruwan sha. In ruwan farko ne, SWMM, manhajar ruwan sama da ke bin kwatoci, ta fi dacewa, sai ki shirya kwalabe ki ɗebi ruwa duk bayan minti 15 daga lokacin da kwata ta fara kawowa. A ganinmu wannan na biyun ya fi amfani ga Marwa, kuma aiki ne da ɗaliba ɗaya za ta iya gamawa a damina guda.

Tambaya daga shugabar wata ƙungiyar mata masu banda kifi a bakin Lagdo: Wani lokaci ruwan lungunan tafki yakan yi kore kamar an kaɗa kuka, da wari. Shin wannan lissafi na aiki a tafki?

Amsa: Hajiya, yana aiki, amma tambayar takan canza. Kogi na wucewa da dattinsa, tafki ajiyewa yake yi. Abin da ke sa koren nan taki ne: fosfor da naitrojin daga takin gonakin auduga da masara da ruwan sama ke wankowa, kashin shanu a mashaya, garin sabulu, da bayan gida. Gansakuka ta ci ta yi yawa, ta mutu ta nutse, ruɓewarta ta cinye iskar ƙasan tafki.

Mafi sauƙin lissafi shi ne na Vollenweider, wanda ke ɗaukar tafki kamar randa ɗaya. Ana raba yawan ruwan tafki da abin da ke fita a shekara, a samu tsawon zaman ruwa. Misali tafki mai mita kubik miliyan 500, da miliyan 1000 ke fita a shekara, zaman ruwansa rabin shekara ne. In ruwan da ke shigowa na ɗauke da fosfor maikrogiram 100 a lita, lissafin zai ba da kusan 59 a cikin tafki. Daga wajen 35 ake cewa tafki ya ƙoshi da taki fiye da kima, don haka sai an rage mai shigowa zuwa 60, ragin kashi 40 ke nan. Sai dai a tafkunan ƙasashen sanyi aka fitar da wannan ƙa'ida, kada a haɗiye ta ba tauna. A nan rana na shan ruwan da ya kai zurfin mita 2 a shekara, ruwa ya tafi sama, takin ya zauna. Kuma ruwanmu yakan yi jan laka da damina, hasken rana ba ya shiga, gansakuka ba ta tashi duk da taki na nan, sai ruwa ya kwanta bayan kaka ta ɓarke.

Lagdo mai tsawo ne, kusa da madatsa kuma da zurfi. A irin wannan tafki ruwan sama mai ɗumi kan zauna bisa na ƙasa mai sanyi ba sa gauraya, na ƙasan ya rasa iska. Sanyin hunturu da iskarsa na iya juya su, ruwan ƙasa mai wari ya taso. Randa ɗaya ba ta nuna wannan, sai manhaja irin CE-QUAL-W2 mai bin tsawo da zurfi tare, ita kuma tana buƙatar taswirar ƙasan tafki da awon zafi da oksijin mita-mita daga sama zuwa ƙasa, kowane wata. Tafkin Maga, wanda aka tare a 1979 don noman shinkafa, akasin haka yake: ba shi da zurfi, iska na tayar da lakarsa, lakar kuma na mayar da takin da ta ajiye. Irin wannan ko an rage taki daga waje, sai an yi shekaru kafin a ga sauyi, kuma ya kamata a faɗa wa mutane haka tun farko.

Akwai awon da ku da kanku za ku iya riƙewa. A sami faranti mai faɗin santimita 20, a shafa masa fenti fari da baƙi gida huɗu, a ɗaura nauyi a ƙasansa da igiya mai ƙulli kowane santimita 10. A saukar da shi daga kwalekwale ta gefen inuwa da hantsi, a rubuta zurfin da ya ɓace wa ido, da launin ruwan, ja ko kore. Sau ɗaya a mako, wuri uku. Littafin shekara biyu na wannan awo abu ne da mai kwamfuta zai yi murna da shi ƙwarai, don da shi zai gwada hotunan tauraron Sentinel-2 da ake samu kyauta duk kwana 5. Kafin nan, inda kuka ga kore mai kauri kamar fenti ya taru a gaɓa, kada a shayar da dabbobi, kada yara su yi wanka, kada a wanke kifi. Wasu nau'o'in na fitar da guba mai taɓa hanta, kuma tafasa ruwan ba ya kashe ta.

Tambaya daga wani kansila a Njamena: An kawo mana rahoto mai kauri da taswirori masu launi, an ce kwamfuta ta nuna sabon bututun datti ba zai cutar da Shari ba. Ba fanninmu ba ne. Me za mu tambaya kafin mu sa hannu?

Amsa: Ranka ya daɗe, ka nemi shafin da aka ɗora layin kwamfuta bisa ɗigogin awo na zahiri. In babu shi, rahoton bai cika ba. In akwai, ka tambayi ko da awon da aka daidaita manhajar aka gwada ta. Ƙa'ida ita ce a daidaita da awon wani lokaci, a gwada da na wani daban ba tare da an sake taɓa lambobin ba, misali ranin bara da ranin bana. Ka tambayi watan da aka yi awon. Shari na cika a Oktoba da Nuwamba, yana ƙanƙancewa wajen Afrilu da Mayu, rahoton da aka gina a kan ruwan Nuwamba bai amsa komai ba. Ka tambayi zafin ruwan da aka sa, don da yawa sukan bar 20 da manhajar ta zo da shi.

Sai maganar gauraya. Manhajojin da ke bin tsawon kogi kawai suna ɗauka datti ya watsu daga gaɓa zuwa gaɓa nan take. A kogi mai faɗi kamar Shari ba haka ba ne, dattin kan manne da gaɓar da aka zuba shi ya yi kilomitoci. Duk wanda ya tsaya a mahaɗar Lagon da Shari ya ga yadda ruwan biyu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su haɗu. A gaɓar nan kuma mutane ke wanka, wanki da ban ruwan lambu. Ka ce a nuna maka lissafin gaɓa, mita 100, mita 500 da kilomita 2 ƙasa da bututun, har da E. coli.

Kuma ruwan ba na Njamena kaɗai ba ne. Kusuri na tsallake, kuma Shari da Lagon ne ke kawo wa Tafkin Chadi kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan koguna da ke shiga cikinsa. Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, hedkwatarta na nan cikin garinku, kuma ƙasashenta sun amince da yarjejeniyar ruwa a 2012. Ku aika mata kwafin rahoton. Sannan ku sa a cikin sharuɗɗan izini cewa za a ba ku fayilolin manhajar da ɗanyen awon, a kafa ma'aunin yawan ruwa a bakin bututun, a riƙa kawo sakamakon labo kowane wata, kuma a sake duba iyakar bayan rani biyu.